Ƙwarya Uku: Takardar Ɗiyarmu Zuwa Taron Masana Man Fetur



Shekara 22 ke nan muna riƙe da alƙalamin Maigida, dattijon da jama'armu ta zango ke kai wa ƙara da shawara a nan Salaga. A cikin waɗannan shekaru mun rubuta wasiƙun ta'aziyya da na neman aure, mun rubuta takardun rabon gado, mun rubuta koke zuwa ga hukuma a kan ruwan sha da kwata. Da ajami muka fara, muka koma boko, yau har ta waya muke tura saƙo. Saboda haka muna ganin babu takardar da za ta zo mana baƙuwa. Sai ga wata 'yar takarda mai kalma 300 ta hana mu barci, ta kusa raba kan majalisa, ta kuma mayar da mu ga darasin da muka ɗauka mun ƙoshi da shi tun muna gaban malam.

Mai takardar ɗiyar ƙanwarmu ce. Mahaifinta ɗan zangon Yendi ne, kakarta ta wajen uba kuwa daga Bawku aka auro ta, don haka garuruwan nan uku duk gida ne a wurinta. A zaurenmu ta yi allo har ta sauke, sannan ta tafi Kumasi ta karanta ilimin duwatsu, ta zarce digiri na biyu a kan abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasar nan tamu. Da farko mutanen gida dariya suke yi mata, suna cewa 'ya'yan wasu sun dawo da allurar likita, tamu ta dawo da guduma da buhun tsakuwa.

Dariyar ta tsaya ne lokacin da jita-jitar mai ta shigo gari. A 'yan shekarun nan kamfanin mai na ƙasa, GNPC, ya ɗauki nauyin auna cikin ƙasa a wannan yanki. Ana shimfiɗa wayoyi masu tsawo a daji, a aika sauti cikin ƙasa, a saurari yadda yake dawowa, daga nan a zana yadda duwatsu suka jeru a can ƙasa. Aikin awo ne kurum. Amma labari in ya bi ta tasha ya ratsa kasuwa, ba ya isa gida yadda ya fito. Direba ya ce ya ga wayoyi, mai shayi ya ce an ga mai, kafin Juma'a ta zagayo har an fara faɗin ranar da za a kafa matata.

Abubuwa biyu suka iso gaban Maigida a mako ɗaya. Na farko, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gonar doya. Ƙannen mijin suka matsa mata ta sallama gonar ga wani baƙo da ya zo da kuɗi a hannu, suna cewa gobe hukuma za ta karɓe ta ba ko sisi. Na biyu, wasu daga cikin manyan majalisa suka kawo shawarar a kwashe kuɗin asusun zango, wanda muka yi shekaru muna tarawa don gyaran rijiyar burtsatse, a kama filaye kafin su yi tsada. Maigida ya saurari kowa, sannan ya ce, "Cinikin biri a sama nake ji kuna yi. Malam, rubuta wa jikar nan tawa mai tsakuwa, ta zo ta faɗa mana abin da ta sani."

Ta zo. Ta durƙusa ta gaida dattawa, Maigida ya tsokane ta da cewa amaryarsa ta guje shi ta auri dutse, sannan aka ba ta izini. Ta roƙi a kawo mata akushi, ta ajiye shi a tsakar tabarma, ta ce haka ƙasar nan take. Akwai wani tsohon kwari mai siffar akushi da masana ke kira Kwarin Volta, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 103,600, wato kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar Gana. Tun daga kimanin shekara miliyan 1,000 da suka wuce zuwa wajen miliyan 500, teku da koguna suka yi ta zuba yashi da laka a cikinsa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har suka daskare suka zama dutsen yashi da dutsen laka da dutsen farar ƙasa irin na Buipe. Salaga da Yendi da Tamale duk a cikin akushin suke. Bakinsa na arewa shi ne tsaunin nan na Gambaga da Nakpanduri. Wanda ya gangara daga Nakpanduri ya nufi Garu da Bawku ya fita daga akushin, ya hau wani dutse da ya fi shi tsufa nesa ba kusa ba, irin mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini, kuma irin wannan dutse ba ya haifar da mai.

Ta ce kafin a sami man da za a haƙa sai sharuɗɗa sun haɗu, kamar yadda salla ba ta inganta sai da sharuɗɗanta. Sai an sami dutsen laka da ƙananan halittun ruwa suka mutu suka binne a cikinsa da yawa. Sai ƙasa ta dafa shi da zafi madaidaici, tsakanin digiri 60 da 120 ko sama kaɗan, domin in zafin ya gaza bai nuna ba, in ya zarce ya koma iskar gas ko ya ƙone. Sai man ya sami dutse mai ƙofofi kamar soso da zai taru a ciki. Sai an sami murfi a samansa da zai hana shi tserewa, da lanƙwasar da za ta tare shi wuri ɗaya. Kuma sai murfin ya riga man zuwa, in ba haka ba an rufe tukunya bayan tururi ya fice. Ta ce tsufan duwatsunmu bai hana ba, domin a Oman da gabashin Saberiya ana haƙo mai daga duwatsu masu irin wannan shekaru. Amma tsufa yana nufin an daɗe ana ba man damar yoyo.

Sannan ta kawo tarihi, wanda wasu tsofaffinmu suka gaskata da idonsu. A zamanin Nkrumah, a farkon shekarun 1960, masanan Tarayyar Sobiyet sun haƙa ramuka a cikin kwarin nan, suka ga alamun kwalta da mai a cikin wasu duwatsun da suka ciro. Juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ya kawo ƙarshen zamansu. A 1977 kamfanin Shell ya haƙa rijiyar Premuase a wajen Atebubu, bai tarar da man kasuwa ba. Ta ce ko a bakin teku haƙuri aka yi: tun 1896 aka fara haƙa a yankin Half Assini saboda man da ke tsattsafowa a ƙasa, amma sai 2007 aka gano filin Jubilee a cikin teku, aka fara ɗibar mansa ranar 15 ga Disamba 2010. Shekara 111 ke nan tsakanin ramin farko da babban samu. A ƙasar kakanninmu ma haka: a Nijar tun shekarun 1970 ake nema a Agadem, sai 2011 matatar Damagaram ta fara aiki, a Nijeriya sai Oktoba 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, bayan shekaru masu yawa ana haƙa a arewa ana dawowa hannu rabbana.

Zaure ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, "To 'yar nan, a taƙaice, akwai ko babu?" Ta ce, "Baba, abin da nake nema ke nan, kuma ina neman taimakonku."

Taimakon da ta nema ya shafi aikinmu. Ba ta da kuɗin haƙa rijiya mai zurfin kilomita, amma duk rani ana haƙa rijiyoyin burtsatse na ruwa a ƙauyukanmu, kuma garin dutsen da injin ke fesowa zubar da shi ake yi. Tana so ta bi masu haƙa, ta ɗibi wannan gari zurfi bayan zurfi, ta kai ɗakin gwaji. Mace matashiya ba ta shiga garin mutane da buhu tana kwasar ƙasa ba tare da an san daga inda ta fito ba, balle a lokacin da kowa ke zargin kowa a kan fili. Sai muka rubuta wasiƙa zuwa ga dattawan zangon Yendi, muka rubuta zuwa Bawku, muka roƙi su gabatar da ita ga masu ƙasa, domin mu a nan duk daɗewarmu mun san ladabin zama: ƙasa tana hannun sarakunanta, Gwanjawa a nan, Dagwamba a Yendi, kuma ba a taɓa ta sai da sallama. Ta yi rani guda tana wannan yawo. Ta bi hanyar Gushegu ta hau Nakpanduri, ta gangara Bawku ta kwana wajen dangin kakarta, ta ɗebo dutsen can don ta gwada shi da na cikin akushi.

Abin da ya fi ba ta mamaki a tafiyar shi ne tsofaffin masu haƙar rijiya da hannu. Salaga gari ne da tarihi ya san shi da yawan rijiyoyi tun zamanin fataken goro, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Sakkwato ya sauka a nan, kuma ba ma ɓoye cewa da yawa daga cikin hannuwan da suka sassaƙa ramukan nan hannuwan bayi ne, Allah ya jiƙansu. Sana'ar ba ta mutu ba. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai gaya mata cewa a gefen kaza bayan gaba shida sai baƙar laka mai ɓarewa kamar takarda, a gefen kaza ruwan zartsi ne ba ya kumfa da sabulu, a gefen kaza kuwa ko ka kai gaba ashirin ƙura za ka tarar. Ta ce abin da ke cikin kawunansu taswira ce da babu ita a kowane ofis. Gishirin Daboya ma, in ji ta, daga ruwan da ke cikin waɗannan duwatsu yake fitowa.

Bayan ta gama gwaje-gwajenta ne maganar taro ta taso. Masu wannan fanni suna da ƙungiyoyi. Akwai AAPG da aka kafa a Amurka a 1917, akwai NAPE ta Nijeriya da aka kafa a 1975, wadda ke taro duk shekara a Legas, akwai wasunsu. Watanni kafin irin wannan taro ake yin shela: ga jigogin bana, duk mai bincike ya aiko da tsakurensa kafin rana kaza. Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin aikin mutum, ana ƙayyade masa adadin kalmomi, kuma ana son ya amsa tambayoyi huɗu: me ka nema, ta yaya ka nema, me ka samu, mene ne amfanin abin da ka samu. Kwamitin masana ya karanta ya tantance. Wani a ba shi mintoci ya yi magana a gaban jama'a, wani a ba shi bango ya kafa fosta ya tsaya kusa da ita yana amsa tambayoyi, wani a ba shi haƙuri. Tsakuren da aka karɓa ana buga shi a littafin taro, ya zauna nan shekara da shekaru, ma'aikatan kamfanoni da na gwamnati da ɗalibai suna komawa gare shi. Ɗaya daga cikin waɗannan taruka ne ya yi shela, ya sa iyaka kalma 300.

Da muka faɗa wa Maigida adadin, sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙwarya uku ke nan." Yaran yanzu ba lalle su gane ba: a lissafin fataken goro, ƙwarya ɗaya goro 100 ce. Ya ce, "Rani guda na yawo, a zuba shi a ƙwarya uku? To sai a zaɓi goron da kyau."

Saura kwana 3 wa'adi ya cika ta zo zaurenmu bayan isha'i da kwamfutarta. Ta ce, "Kawu, Turancin nawa ne, amma tsarin magana naka ne. Zan faɗa maka da Hausa, ka taya ni jerawa." Muka ji daɗi ƙwarai, muka gyara zama. Muka buɗe da godiya ga shugabannin taro da yi musu fatan alheri. Muka kawo tarihin Salaga da goro da malamanta. Muka ambaci karamcin mutanen Yendi da Bawku. Da muka ƙirga, mun haura kalma 900, kuma ba mu kai ga dutse ko ɗaya ba. Ta yi shiru na ladabi, sannan ta ce, "Kawu, wanda zai karanta wannan yana da ɗaruruwa a gabansa. In layi biyu suka wuce bai ga tambayata ba, ya ajiye." Muka ji zafin maganar, ba za mu ɓoye ba. A tarbiyyarmu wasiƙar da ba gaisuwa rashin kunya ce.

Da muka kwanta sai tunani ya kai mu ga littattafan da muka tashi a kansu. Ashe Ahalari da Ishmawi ba taƙaitawa ba ne? Ashe Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malamai ke shekaru suna warware shi, ba an matse fiƙihun mazhaba ba ne har kalma ɗaya ta ɗauki hukunci? Kuma a wannan gari namu Alhaji Umaru ya zauna kafin rikicin 1892 ya watsa Salaga ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934, shi ne kuwa ya wallafa littafi sukutum a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa tun yana saurayi. Magabatanmu sun san kowace takarda da ladabinta. Ladabin wasiƙar sarki gaisuwa ce, ladabin tsakure kuwa kada ka ci lokacin mai karatu. Da asuba muka ɗauki jan biro da hannunmu muka soke tarihin goro, muka soke godiya, muka bar tambaya a layin farko.

Wannan ya zo da sauƙi in an gwada shi da abin da ya biyo baya. Tun kafin nan zangunan uku sun yi alkawarin haɗa mata kuɗin rajista da na hanya in an karɓi aikinta, saboda haka majalisa ta nemi a karanta mata abin da za a aika da sunan ɗiyarta. Muka fassara musu. Abin da ta samu shi ne: a cikin wasu baƙaƙen duwatsun laka akwai ragowar halittu, amma kaɗan; a 'yan gutsattsari ƙalilan akwai tabo mai kama da kwalta; dutsen Bawku babu ko ɗaya, kamar yadda aka zata; kuma rijiyoyin ruwa ba su da zurfin da za a yanke hukunci da su, sai an ƙara gwaji, sai an haƙa mai zurfi. Tabon kwalta, in ji ta, sawu ne. Yana nuna mai ya taɓa bi ta wurin, bai nuna yana nan ba, kamar yadda kashin raƙumi a hanya ba ya nufin ayari na nan.

Wani Alhaji daga cikin manyanmu, mutum mai hannun kyauta wanda ya fi kowa zuba kuɗi a tafiyar, ya ce bai yarda ba. Kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi hanyoyinmu da damina. Dubi 'yan matanmu da ke ɗaukar kaya a kasuwannin Kumasi da Akra, dubi samarinmu da ke mutuwa a ramukan zinariya. In ta rubuta cewa akwai mai, kamfanoni za su zo, hanya za ta zo, aiki zai zo. Ta cire kalmar kaɗan, ta cire sai an ƙara gwaji. Wa zai sauka ƙarƙashin ƙasa ya duba?" Wasu suka gyaɗa kai. Mu kanmu, Allah ya gafarta mana, zuciyarmu ta ɗan karkata, domin mun san sau nawa muka ƙara wa koke gishiri don hukuma ta waiwaye mu.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhaji, ka yi mini aikin gafara, su ne masu sauka su duba. Sana'arsu ke nan. Za su tambaye ni ramin, da zurfin, da injin da na yi gwaji da shi. In na faɗi abin da ban gani ba, a tsaye a gaban fostata za a kama ni, kuma duk ɗan zangon da ya zo bayana da takarda za a tuna da ni."

Maigida ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Alhaji, kakanka da kakana goro suka sayar a garin nan. Ka san wanda ya jera masu kyau a bakin huhu ya cusa masu sankara a ƙasa, sau ɗaya yake ciniki. Huhun zai kai Kano, a kwance shi, sunansa ya riga shi komawa gida. Abin da ya riƙe hanyar nan shekaru aru-aru shi ne mutum ya karɓi huhu bai kwance ba saboda ya san hannun da ya ɗaure shi." Ya juyo wajenmu ya ce, "Malam, kai ka karanta babin shaida. Mai shaida yana faɗin abin da yake fata ne, ko abin da ya gani?" Muka ce abin da ya gani, ranka ya daɗe. Ya ce, "To a bar mata kaɗan ɗinta."

Daren ƙarshe wuta ta ɗauke, intanet yana zuwa yana komawa. Muka zauna a ƙofar gida inda waya ta fi kamawa, muna haska mata takarda da tocila tana cike gurabe: take, sunanta da na malamin da ke duba aikinta, jigon da ta zaɓa, sannan tsakuren. Injin ya ƙi karɓa, ya ce kalma 304. Muka sake bi layi-layi kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa har muka fitar da huɗu. Ta so ƙwarai ta sa ambaton masu haƙar rijiya, wuri bai ba da hali ba, ta yi alkawarin in ta sami bango za ta rubuta su a kai. Ta yi bisimilla ta danna, saura ƙasa da awa ɗaya sha biyun dare ta buga.

Bayan makonni amsa ta zo: an karɓa, an ba ta fosta. Wasu suka ce ashe bango kawai aka ba ta, ba mumbari ba. Ita kuwa murna ta yi, ta ce a gaban bango ne ake tsayawa da mutum a yi masa tambaya ido da ido. Yendi ta aiko da gudummawarta, Bawku ta aiko duk da halin da take ciki, Allah ya zaunar da ita lafiya, Alhaji kuma bai janye ko sidi ɗaya daga alkawarinsa ba, wannan shaida ce da ya wajaba mu bayar. Ta je ta dawo. Ba ta dawo da kamfani ba. Ta dawo da adireshin wasu masana da suka nemi ta aiko musu da wuraren da ta ɗebi samfurinta, da tayin gwada sauran a injin da ya fi wanda ta samu. A ƙasan fostar, da manyan baƙaƙe, akwai godiya ga masu haƙar rijiya na Salaga da Yendi da Bawku. Mun nuna wa ɗaya daga cikinsu hoton a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce shekara 40 yana shiga rami ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gani a ciki.

Game da filaye, ita ce ta tuna mana abin da ya kamata mai riƙe da alƙalami ya riga kowa sani. Tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 257, ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa mallakar Jamhuriya ne, Shugaban Ƙasa ke riƙe da shi amana a madadin jama'a, kuma dokar man fetur ta 2016 a kan haka ta ginu. Wanda ya kama fili don mai, ko da man ya fito a tsakiyarsa, ba nasa ba ne. Abin da zai nema diyyar amfanin da ya rasa ne a bisa ƙasa. Da wannan ya bayyana, shawarar kwashe asusu ta mutu da kanta. Kuɗin ya tafi inda aka tara shi domin shi, rijiyar unguwa tana ba da ruwa. Baiwar Allah mai marayu ba ta sallama gonarta ba, bana ma ta aiko wa Maigida da doyar fari. Alhaji har yanzu yana cewa da an ɗan ƙara gishiri da ba a yi asara ba, mukan yi dariya mu bar maganar.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari shafin nan shi ne, ana tattauna ƙasar da muke kwana a kanta a zaurukan da ba mu taɓa shiga ba, kuma ƙofar shiga zauren ita ce 'yar takardar nan. Shekara da shekaru wasu ke rubuta ta, mu kuwa sai dai labari ya iso mana ta bakin tasha, ya iso a gurguje, mu yanke shawarar gona da asusu a kansa. Ranar da ɗiyarmu ta zauna a tabarma da akushi, ranar ce ta farko da muka ji zancen daga bakin wanda za mu iya cewa maimaita, ba mu gane ba. Iyayen da ke ganin karatun dutse wasa ne, su sake dubawa. Ko ba a taɓa samun ɗigon mai a Kwarin Volta ba, wanda ya san inda laka take da inda yashi yake shi zai gaya mana inda za mu haƙa mu sami ruwan daɗi, mu daina zuba kuɗi a busasshen rami.

Mun fassara tsakuren zuwa Hausa, mun karanta shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, kuma mun aika kwafi Yendi da Bawku. A Hausar ya haura ƙwarya uku, domin ba mu iya haƙurin barin gaisuwa ba. Mun kuma buɗe sabon littafi a cikin akwatin Maigida, kusa da na aure da na rasuwa. Duk rijiyar da aka haƙa a unguwa muna rubuta ranarta, da wurinta, da zurfinta, da launin ƙasar da ta fito gaba bayan gaba, da ɗanɗanon ruwanta. Muna roƙon magatakardan sauran zanguna su yi haka, kuma su zauna da tsofaffin masu haƙa tun suna raye. Littafin makaranta mai shafi 80 ya isa a fara. Wani yaro zai zo nemansa wata rana, kamar yadda tamu ta zo.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da harshe mai gaskiya, ya jiƙan magabatanmu da suka haƙa rijiyoyin da muke sha. Wassalamu alaikum.